Daɓen kankare ya lotsa a jikin bango: a ɗaga shi ko a fasa a sake?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini. Daɓen kankaren da ya zagaye gidana ya lotsa ta ɓangaren bangon baya. Da can gangarensa waje yake kallo, yanzu ya juyo yana kallon bango, duk ruwan da ya sauka sai ya kwanta a gindin ginin. Na ɗora miƙaƙƙen katako na auna, inda ya fi zurfi ya kai santimita 4. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kankaren kansa lafiyarsa lau, tsaga ɗaya ce kawai siririya. Maginin da na kira ya ce a farfasa a sake zubawa. Wani kuma ya ce min akwai yadda ake huda daɓe a tura wani abu ƙarƙashinsa ya taso ya koma daidai. Da gaske ne? Kuma yana ɗorewa?

Birkila_Tsoho:
Wa alaikumus salam. Alhaji, bi maganar magininka. Daɓe ba ya lotsawa haka kawai, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta gudu ta bar shi. In ba ka fasa ba, ta yaya za ka ga abin da ya faru a ƙasan? Na daɗe a sana'ar nan, kuma kusan duk daɓen jikin bango da na fasa abu ɗaya nake tararwa: ramin da aka haƙa lokacin fandisho, an maido da ƙasa da ɓaraguzan bulo da tsofaffin buhunan siminti an zuba kawai ba a daddaɓe ba, aka shimfiɗa kankare a kai. Damina biyu uku sai cikon ya zauna. A fasa, a kwashe, a daddaɓe, a sake zubawa, ka huta.

Ummu_Hanan:
Ikon Allah, ashe ana ɗaga kankare? Ni na ɗauka in ya nutse shi ke nan. Ina biye da ku, don matakalar ƙofar kicin ɗinmu ma ta fara rabuwa da bango.

Injiniya_MB:
Ana ɗagawa Hajiya, kuma ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1930 ake yin sa a Amurka. A titunan kankare aka fara, daga baya ya shigo gidaje.

Tsohuwar hanyar ita ce ta kwaɓi. Ana huda daɓen a wurare da dama, kowace huda faɗinta santimita 3 zuwa 5, sai a kwaɓa lallausan yashi ko ƙasa da ɗan siminti ya yi ruwa-ruwa, a tura shi da inji. Da farko kogon da ke ƙasa yake cikewa. In ya rasa wurin zuwa sai ya fara tura daɓen sama. Mutane kan yi mamakin yadda abu mai ruwa-ruwa zai ɗaga kankare, amma lissafin ba wuya. Kankare mai kaurin santimita 10 nauyinsa kusan kilo 240 ne a kowace murabba'in mita. In wannan nauyi ya rabu a kan faɗin wurin gaba ɗaya, matsin da zai ɗaga shi ɗan kaɗan ne, bai ko kama ƙafar iskar da ke cikin tayar keke ba.

Sabuwar hanyar kuma ta kumfa ce, wadda ake kira foliyuretan. A ƙasar Finlan aka faro ta wajen ƙarshen shekarun 1970. Sinadarai biyu ne, kowanne da tiyonsa, sai a bakin bindigar suke haɗuwa. Suna shiga ƙasa suna ruwa, cikin 'yan daƙiƙu su kumbura su daskare. Hudar ƙarama ce, santimita ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Babban bambancin yana wajen nauyi: kwaɓi yakan kai kilo 1,600 a mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, kumfa kuwa a wannan ma'auni ba ta kai kilo 100 ba. Bayan kamar minti 15 ana iya taka ta, har mota ta hau. Kwaɓi sai ya kwana ɗaya ko fiye. Sabon kankare kuwa mako guda ake jira kafin mota ta hau, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna masa.

Amma maganar Baba Birkila tana nan daram. Duk biyun tsayin daɓe suke gyarawa, ba sa gyara abin da ya kwashe ƙasar.

Maman_Yan_Biyu:
Mu an yi mana na kwaɓin a bakin gareji, inda mota ke dukan tudu duk lokacin shiga. Na tsaya na kalli aikin daga farko har ƙarshe. Sun ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan, mutum ɗaya ya tsuguna idonsa a kan bakin daɓen, ɗaya yana riƙe da tiyo. Can sai muka ji wani ɗan ƙara daga ƙasa, ƙura ta ɗan tashi daga mahaɗar, tudun ya fara raguwa a hankali har ya ɓace. Ba huda ɗaya suke tsayawa a kai ba, suna tura kaɗan a nan su koma can su dawo. Suka toshe ramukan da siminti, har yau ana ganin tabonsu zagaye-zagaye, launin bai zo ɗaya ba.

Damina na wucewa gefe ɗaya ya sake sauka. Maigida ya ce a haƙa ta bakinsa a duba, sai ga fayif ɗin ruwa yana tsiyaya ta wata gaɓa, ƙasar wurin duk ta zama taɓo. Aka gyara fayif, suka dawo suka sake turawa ta tsofaffin ramukan. Tun daga nan bai motsa ba.

Birkila_Tsoho:
To kin gani Hajiya. Da an fasa tun farko da an ga fayif ɗin.

Maman_Yan_Biyu:
Haka ne Baba, amma an gan shi ba tare da an fasa ba ai. Ta gefe aka haƙa, daɓen yana nan yadda yake.

MaiGyaranFamfo:
Abban_Sadiq, kafin ka yanke ko wace shawara ka yi wannan gwajin, ba ya buƙatar kowa. Da daddare ka rufe duk famfunan gidan, ka yi wa tankinka alama ko ka rubuta lambar mita in kana da ita. Da safe kafin kowa ya buɗe ruwa ka duba. In ruwan tankin ya ragu ko lambar mitar ta ƙaru, akwai inda yake zuba. Sannan ka duba fayif ɗin banɗaki da na kicin da ke bi ta bayan gidan, don su wannan gwajin ba ya kama su. Wurin da ka ga yana da danshi ko ciyawa kore shar a tsakiyar rani, ka zarge shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Dan_Autan_Gida:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Santimita 4 ce kawai. A kwaɓa siminti da yashi a ƙara a kai a fitar da gangaren, an gama.

Injiniya_MB:
Ɗan'uwa, wannan ita ce shawarar da aka fi bi, kuma ita ce na fi jin tsoro. In akwai kogo a ƙasa, ka ƙara wa daɓen da ke rataye nauyi ke nan. Santimita 4 ta siminti ta kusa kilo 100 a kowace murabba'in mita. Na biyu, ƙarin zai yi kauri a jikin bango ya sirance ta waje, kuma siririn bakin nan shi ke fara ɓamɓarewa. Tsagar da ke ƙasa ma za ta biyo ta fito a sabon. Ruwan da ke rarake ƙasar kuwa yana nan yana aikinsa, sai dai yanzu an rufe maka ido.

Birkila_Tsoho:
A nan ni da Injiniya bakinmu ɗaya. Ƙari a kan daɓen da bai gama zama ba, aikin baban giwa ne.

Kafinta_09:
Tambaya don Allah. Wannan kumfar da muke fesawa a gefen firam ɗin taga da ƙofa, wadda ke zuwa a gwangwani, ba ita ba ce? In ita ce ai mutum zai iya yi da kansa.

Mai_Allurar_Daɓe:
Malam Kafinta, danginsu ɗaya amma ba ita ba ce. Ta gwangwani da danshin iska take daskarewa, a hankali, kuma toshe kafa aka yi ta don shi. In ka cusa ta ƙarƙashin kankare za ta bi inda ya fi sauƙi ta fito, cikinta ma yakan ƙi daskarewa. Wadda muke aiki da ita inji ne ke ɗumama sinadaran biyu ya auna su daidai wa daida.

Tunda wannan aikina ne bari in faɗi abin da ba a cika faɗa wa masu gida ba. Ɗagawa ba ta da ribas. In ka wuce da santimita ɗaya ba yadda za ka dawo da shi ƙasa. Shi ya sa ake harbawa kaɗan a tsaya, don kumfar tana ci gaba da tashi bayan ka saki hannu. Mai gaggawa ba ya wannan aikin. Sannan ita kumfa ba ta san inda kake so ta je ba, duk inda ta sami ƙofa nan take bi. In akwai fasasshen fayif ɗin magudana a ƙasa za ta shige ta toshe shi ƙam. Shi ya sa nake tambayar mai gida inda bututunsa da wayoyinsa suka bi kafin in huda ko'ina. Tana kuma yin zafi lokacin da take kumbura, don haka babban kogo ba a cika shi da ita a tashi ɗaya.

Akwai aikin da nake ƙi. Daɓen da ya farfashe gida-gida, ko wanda in ka kankare shi da ƙusa yake zubar da gari, ko wanda kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba. Kankare yana jure danni sosai, amma wajen lanƙwasa ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na wancan ba. Siriri ko ruɓaɓɓe in ka tura shi daga ƙasa karyewa zai yi. Irin wannan ni da kaina nake cewa a kira su Baba Birkila. Na Abban_Sadiq kuwa, yadda ya bayyana shi, tsaga ɗaya, jikinsa da ƙwari, irin wanda ake ɗagawa ne.

Mai_Lambu:
Ina so in saka baki saboda bishiyoyi, don kullum su ake ɗora wa laifi a sare su. Wani lokaci daɓen da kake gani ya sauka bai sauka ba, na kusa da shi ne saiwa ta ɗaga. In haka ne, tura abu ƙarƙashin na ƙasan ba magani ba ne, don saiwar tana ci gaba da kauri. A fara gane wane ne ya motsa.

Injiniya_MB:
Gaskiya ne Malam. Amma bishiya tana iya saukar da daɓe ma, ba ɗagawa kaɗai ba. In ƙasar laka ce mai yumɓu, irin mai darewa da rani, saiwa tana tsotse danshinta ta ƙanƙance, daɓen ya bi ta. Da damina ta sha ruwa ta kumbura ya dawo. A irin wannan ƙasa in ka ɗaga daɓe a tsakiyar rani zuwa daidai, damina na zuwa sai ya wuce inda kake so. Wanda ƙasarsa haka take ya auna wurin da rani, ya sake aunawa da damina, kafin ya taɓa komai.

In kuma ɗan tudu ne tsakanin daɓe biyu ba maganar ruwa, gurje bakin kawai ake yi da injin gurza. A ƙa'idojin dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka, ta 1990, tudun da ya wuce milimita 6 a hanyar tafiya sai an kwantar da bakinsa. Wannan ya nuna maka ƙanƙantar abin da ke kayar da tsoho ko ya tsayar da keken guragu. Amma mai gurzar ya riƙa zuba ruwa ya kuma rufe hanci da kyau, ƙurar kankare tana lalata huhu kuma ba ta fita.

Malama_Kimiyya:
Abin da ya sa nake goyon bayan ɗagawa ba sauƙin aiki kaɗai ba ne. Sarrafa siminti shi ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya. Kankaren da bai lalace ba a farfasa shi a zubar a kawo sabo, ni a wurina almubazzaranci ne. Sai dai tsakanin hanyoyin biyu na fi karkata ga kwaɓi. Kumfar nan roba ce daga man fetur, ba ta ruɓewa, kuma ranar da za a fasa daɓen nan gaba tana manne da shi.

Mai_Allurar_Daɓe:
Malama, rashin ruɓewar ai shi ne amfaninta. Ruwa ba ya wanke ta. Kwaɓin da simintinsa ya yi kaɗan ruwa na iya cinye shi yadda ya cinye ƙasar farko, ga nauyinsa a kan ƙasar da dama ta gaza.

Malama_Kimiyya:
Na ji, amma in an kawar da ruwan daga wurin me zai wanke shi? In kuma ba a kawar ba, kumfar za ta tsaya, ƙasar da ke ƙarƙashinta ta tafi. Ka ga mun dawo kan ruwa.

Makanike_Bala:
Ni ba inji ba kumfa na gyara nawa. Daɓen hanya ne daga ƙofa zuwa get, an yanka shi gida-gida, kowanne bai fi mita ɗaya ba. Na haƙa ta gefe, na sa jak ɗin mota biyu a kan katako mai faɗi, na ɗaga a hankali, na tokare da bulo, sannan na cusa tsakuwa da yashi da sanda ina dannawa har ya ƙi shiga. Yana nan. Gargaɗi ɗaya: kada hannu ya shiga ƙarƙashi ko da an tokare. Abin da ya fi kilo 200 in ya zame ba ya jira.

Birkila_Tsoho:
Wannan na ƙanana ne Malam Bala, kuma ka yi daidai. Amma na jikin bango ta ina za a sa jak? Gefen da ya sauka shi ne wanda ke manne da gini.

Abban_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na gano. Gwajin tanki na yi, ruwa bai ragu ba. Na ɗauki guduma na bi daɓen ina ƙwanƙwasawa. Ta waje ƙarar a toshe take, amma da na matso kamar taku ɗaya daga bango sai ta koma ƙarar abu mai rami, kusan tsawon bangon gaba ɗaya. Sannan indararon rufin yana zuba ne daidai kusurwar da ta fi sauka, kuma tsakanin daɓen da bango akwai kafa da yatsana ke shiga. Ina ganin ta nan ruwan ke bi. Bangon kansa ban ga tsaga a jikinsa ba, ƙofofi da tagogi duk suna rufuwa lafiya.

Injiniya_MB:
Alhamdu lillahi, wannan na ƙarshen shi nake so in ji. Da ka ce bango ya tsage a karkace ko ƙofa ta fara cijewa, da maganar ta tashi daga daɓe ta koma fandisho, kuma sai an zo an gani da ido. Yanzu abu na farko, tun kafin ɗagawa ko fasawa, a ɗaura wa indararon fayif ya kai ruwan nesa da gini, mita biyu ko fiye, ko ya shiga magudana. Wanda zai ɗaga kuma ka gaya masa ba daidaitawa kake so ba, gangare kake so, santimita 2 a kowace mita zuwa waje. Bayan an gama a toshe kafar jikin bangon da abin toshi mai danƙo wanda ke miƙewa. Siminti a wurin darewa zai yi. Ka kuma tambayi wanda ya yi ginin ko an ɗaure daɓen da rodi a jikin fandisho, ko da yake tunda ya rabu da bango ya sauka, da wuya a ce an ɗaure.

Birkila_Tsoho:
Alhaji, ka ji ƙarar rami tsawon bango gaba ɗaya, wannan shi ne cikon da na faɗa maka tun farko. Ban ce ɗagawa ƙarya ba ce, na ga Hajiya ta ba da shaida. Tambayata ita ce zurfin cikon nawa ne? In ramin fandishon ya kai mita ɗaya kuma duk sako-sako ne, abin da za a tura saman kawai zai cike. Mu in mun fasa, hawa-hawa muke mayar da ƙasa, kowane hawa santimita 15, a yayyafa ruwa a danne kafin a ƙara wani. Wannan ba allurar da za ta yi maka shi.

Mai_Allurar_Daɓe:
Baba, akwai allura mai zurfi, ana tura siririn bututu cikin ƙasar a matse ta daga ciki. Amma na yarda a jikin bango sai da taka-tsantsan, don matsin yana tura gefe ma ba sama kaɗai ba. Kuma ciko in ya daɗe yakan gama zamansa. Ginin shekararsa nawa Alhaji? In tsoho ne kuma sai kwanan nan ya sauka, ruwan indararon ne. In sabo ne, Baba ya fi ni gaskiya.

Ummu_Hanan:
Ni dai kada a manta da matakalata. Hawa uku ce, ta karkato gaba.

Injiniya_MB:
Hajiya, matakala ta fi daɓe nauyi sosai kuma a ɗan ƙaramin wuri nauyin yake, shi ya sa take saurin karkata. Ana ɗaga ta in a dunƙule aka zuba ta da kankare. In bulo aka jera aka cika cikinta da ƙasa aka shafe, rushewa za ta yi, gara a sake. Ki sa a ƙwanƙwasa gefenta a ji, ki kuma duba inda ruwan wanke-wanke ke zuba.

Abban_Sadiq:
Ginin ba sabo ba ne, amma daɓen bayan daga baya aka yi shi, lokacin da aka sauya rufi aka sa indararon. Na kira wanda zai ɗaura fayif ɗin. Baba Birkila, in na sa aka yanke ɗan murabba'i a kusurwar da ta fi sauka, kamar tsawon hannu, aka zura rodi a ji taurin ƙasar, zai isa a gane ko cikon ya gama zama?

Birkila_Tsoho:
Zai nuna maka na wannan kusurwar. Ka yanka biyu, ɗaya a nan ɗaya a can ƙarshen inda ruwa ba ya zuba. In rodin ya shige da hannu kawai a duka biyun, ka fasa. In a kusurwar indararon kaɗai ya shige, ka kira mai allura, amma ka bari damina ɗaya ta wuce a kan sabon fayif ɗin tukuna.

Mai_Allurar_Daɓe:
Ban yarda da jiran damina ba Baba. Gangaren har yanzu bango yake kallo, ruwan da zai sauka a kan daɓen kansa ina zai je?